Shin Kalaba ce babban birnin Najeriya na farko? Fashin baƙi kan garin, mutanensa da tsofaffin gine-ginensa

Kusan duk lokacin da aka ambaci Kalaba, babban birnin jihar Kuros Riba, a kafafen sada zumunta, musamman a watan Disamba sa'ad da hotunan bikin raye-rayen da ake yi a titunanta tun 2004 suke yawo, sai an sami wanda zai ce ai ita ce babban birnin Najeriya na farko, kafin Legas ta karɓa, Abuja kuma ta gada. Maganar ta zauna a bakin 'yan siyasa da masu tallata yawon buɗe ido, alhali mutanen Lakwaja da na Zungeru, har da na Asaba, kowa yana da irin wannan iƙirari game da garinsa. Mene ne ainihin matsayin da Kalaba ta riƙe, su wane ne suka gina ta, da wace dukiya, kuma me ya sa gidajen katakon da suka rage daga wancan zamani suke ta lalacewa ana kallo?

Wace ƙasa Kalaba ta shugabanta?

A ranar 10 ga Satumba, 1884, ƙaramin jakadan Birtaniya Edward Hewett ya ƙulla yarjejeniyar kariya da sarakuna da manyan Tsohuwar Kalaba. A shekarar da ta biyo baya Birtaniya ta shelanta ikonta a kan wannan gaɓar teku, yankin da aka sani da Kogunan Mai, kuma man da ake nufi manja ne, domin a lokacin babu wanda ya san da fetur a ƙarƙashin ƙasar. Kalaba ce ta zama mazaunin hukumar yankin, wadda ta fara aiki sosai a 1891 a hannun Claude MacDonald. A 1893 aka faɗaɗa yankin aka sauya masa suna zuwa Yankin Kariya na Gaɓar Neja, a 1900 kuma ya zama Yankin Kariya na Kudancin Najeriya, duk dai Kalaba ce hedikwata. Da aka haɗe shi da Legas a 1906 sai aka kwashe ofisoshin gwamnati zuwa Legas.

Idan aka dubi waɗannan shekaru za a ga inda maganar ta sami tangarɗa. Duk tsawon lokacin Legas tana da hukumarta daban, domin tun 1861 take hannun Turawa. Kamfanin Neja na George Goldie yana riƙe da kogin Kwara da na Binuwai har ƙarshen 1899. Kano da Sakkwato ba su faɗa hannun sojojin Lugga ba sai 1903, kuma gwamnatin Arewa tana da nata mazaunin daban, daga Lakwaja zuwa Jebba zuwa Zungeru. Ƙasa ɗaya mai suna Najeriya ba ta samu ba sai ranar 1 ga Janairu, 1914, shekara takwas bayan Kalaba ta rasa matsayinta, kuma Legas aka ba shugabancinta. Saboda haka abin da za a faɗa ba tare da ƙari ba shi ne, Kalaba ce hedikwatar farko ta Kudancin Najeriya. Wannan ma ba ƙaramin matsayi ba ne, tunda nan aka kawo Oba Ovonramwen na Binin gudun hijirar dole bayan an ci garinsa a 1897, nan kuma ya rasu a 1914. Amma a ganina jayayya kan wannan laƙabi ta rufe abin da ya fi shi nauyi, wato shekaru sama da 200 da garin ya yi yana hulɗa da duniya da ƙafafunsa kafin wani Bature ya kafa tuta a cikinsa.

Mutanen garin: Efik, Kwa, Efut da baƙin da suka zama 'yan gida

Wanda ya zo daga nesa yakan ɗauka duk mutumin Kalaba ɗan ƙabilar Efik ne, wasu ma sukan haɗa su da Ibibiyo na jihar Akwa Ibom su kira su da suna ɗaya. Al'ummomi uku ne ake ɗauka a matsayin masu ƙasa, kowace da sarautarta. Efik suna da Obong, Kwa, waɗanda reshe ne na Ejagham, suna da Ndidem, Efut kuwa, waɗanda asalinsu ke komawa ɓangaren Kamaru, suna da Muri Munene. Sanin wannan yana da amfani, domin yawancin saɓanin da ake yi kan filaye da muƙamai a garin yana da tushe a tambayar wanda ya riga wani zama a wace unguwa.

Efik ne suka zauna a bakin ruwa, su ne kuma suka riƙe ciniki da jiragen Turawa. Tsohuwar Kalaba tarin garuruwa ce masu gasa da juna, kowane da sunansa na gida da kuma wanda matuƙan jirgi suka laƙaba masa: Obio Oko shi ne Creek Town, Obutong shi ne Old Town, Atakpa shi ne Duke Town, Nsidung kuma Henshaw Town. An riƙa cewa Tsohuwar Kalaba ne don a bambanta ta da Sabuwar Kalaba, wato Elem Kalabari ta mutanen Ijo a jihar Ribas ta yau, sai a 1904 hukuma ta yar da kalmar tsohuwa daga sunan. Sunayen iyalai irin su Duke da Henshaw da Cobham, waɗanda suke sa wasu zaton jikokin Turawa ne, sunayen Efik ne da aka lanƙwasa don sauƙin ciniki, kamar yadda Okon ya koma Hogan, Efiom ya koma Ephraim.

Daga baya garin ya karɓi mutanen Saliyo da na Jamaika da suka zo da 'yan mishan, da Ibo, da Ibibiyo, da Kwarori 'yan kasuwa. Hausawa ma suna cikin tsofaffin baƙin, waɗansu ta hanyar aikin soja a rundunar da Turawa suka kafa a garin, waɗansu ta hanyar fatauci. Unguwar Bogobiri da ke tsakiyar gari, da babban masallacinta da masu tsire da 'yan canji, ta daɗe har ta zama ɗaya daga cikin alamomin Kalaba, a bayan gari kuma akwai Nasarawa inda ake cinikin shanu.

Daga ina dukiyar ta fito?

Amsar ba ta da daɗin ji. Tun daga ƙarni na 17 jiragen Turai suke shigowa kogin Kalaba sayen mutane, a ƙarni na 18 kuma jiragen Liverpool da na Bristol ne suka mamaye cinikin. Daga gaɓar da ake kira Mashigin Biyafara an kwashe mutane sama da miliyan ɗaya da rabi zuwa nahiyar Amurka, tashar Bonny ce kan gaba, Kalaba tana biye. Attajiran Efik dillalai ne. Mutanen da suke sayarwa ana kawo su ne daga cikin ƙasa, mafi yawa Ibo da Ibibiyo, ta hannun fataken Aro na Arochukwu, wasu kuma daga tsaunukan Kamaru.

Cinikin a kan bashi yake tafiya. Kyaftin ɗin jirgi zai ba attajiri tufafi da bindigogi da albarushi da barasa da sandunan tagulla, shi kuma ya aika da su kasuwannin cikin ƙasa, bayan watanni ya biya da bayi. Kafin nan sai ya bar ɗansa ko wani ɗan'uwansa a jirgi jingina. Turawa ba su da izinin mallakar ƙasa, suna zaune a kan ruwa, kuma sai sun biya sarakunan garin haraji kafin a buɗe musu kasuwa. Abin da ya sa wannan tsari ya yi aiki ba tare da sarki ɗaya mai cikakken iko ba shi ne ƙungiyar Ekpe, wadda take ɗauke da sunan damisa. Ƙungiyar asiri ce ta maza mai hawa hawa, ana shiga kowane mataki da kuɗi, ita ke kafa doka, ita ke karɓo bashi, tana iya rufe gidan mutum ta hana kowa hulɗa da shi, har kisa tana yankewa. Ƙarfinta ya kai wasu kyaftin na Turawa suna sayen matsayi a cikinta don su sami hanyar karɓar kuɗinsu. Tana da alamominta na rubutu da ake kira nsibidi. Bayin da aka kai Kyuba sun tafi da ita a ƙirjinsu, a 1836 suka kafa ƙungiyar Abakua a Regla kusa da Habana, wadda har yau tana raye.

Gasar da ke tsakanin garuruwan ta kai ga zubar da jini. A 1767 manyan Atakpa da na Obio Oko suka haɗa baki da kyaftin na jiragen Ingila, aka gayyaci shugabannin Obutong cikin jiragen da sunan sulhu, sannan aka far musu. Ɗaruruwa suka mutu ko aka sayar da su. Biyu daga gidan sarautar Obutong, waɗanda aka sani da 'yan Robin John, an kai su Dominika da Bajiniya, suka yi ta fafutika har suka isa Bristol, inda suka sami 'yancinsu ta hanyar shari'a suka dawo gida a 1774. Daga wannan kisa ne Atakpa ta zama uwar garuruwan. Wani attajirinta, Antera Duke, ya bar littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum daga 1785 zuwa 1788 cikin Turancin kasuwa, abin da ke nuna cewa manyan garin sun iya karatu da rubutun boko shekara 60 kafin zuwan mishan.

Da Birtaniya ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, masana'antunta suna bukatar manja don sabulu da kyandir da shafa wa injuna. Kalaba ta juya ga manja da sauri, a zamanin Efiom Edem wanda Turawa ke kira Great Duke Ephraim, wanda ya rasu a 1834. Sai dai bauta ba ta ƙare a cikin gida ba, ƙaruwa ma ta yi, domin mutanen da a da ake sayarwa yanzu su ne ke tuƙa kwalekwalen manja da noma gandayen Akpabuyo. Waɗannan bayin gandu ne suka yi rantsuwar jini a tsakaninsu, suka kafa ƙungiyar Nka Iyip, a 1851 suka shigo Atakpa da makamai don hana a riƙa yanka su a jana'izar manya. Duk wanda ya tsaya yana yaba kyan benen wani attajirin Efik, ya kamata ya san da waɗannan mutane.

Zuwan mishan da abin da ake yawan mantawa

Sarakunan garin ne da kansu suka nemi malamai. Bayan sun sa hannu a yarjejeniyar daina sayar da bayi ga jirage a 1841, Eyo Honesty na Biyu na Obio Oko da Eyamba na Biyar na Atakpa sun rubuta wa Turawan Ingila suna neman wanda zai koya wa 'ya'yansu karatu, ya kuma nuna musu noman auduga da gahawa da sarrafa rake. A 1846 Hope Waddell ya iso da tawagarsa daga Jamaika, ƙarƙashin cocin Sikotlan, tare da injin buga littattafai. Wani ɗan mishan mai suna Hugh Goldie ya fitar da ƙamus na harshen Efik da fassarar Sabon Alkawari a 1862, abin da ya sa Efik ya zama harshen karatu da coci a faɗin yankin kogin Kuros.

Sunan Mary Slessor, 'yar mishan daga Sikotlan, ne ya fi fita, ana cewa ita ta hana kashe tagwaye. Ta iso a 1876, ta yi aiki mai wuya a Okoyong da ƙauyukan cikin ƙasa, ta rasu a 1915, kabarinta yana Atakpa. Amma dokar Ekpe da ta haramta yanka mutane a jana'iza tun 1850 aka kafa ta, da goyon bayan Sarki Eyo, yaƙi da kisan tagwaye kuwa an fara shi shekaru kafin zuwanta, da hannun 'yan ƙasa da suka karɓi sabon addinin. Akwai kuma waken nan mai guba, esere, da ake ba wanda ake zargi da maita ya ci. Likitocin Edinbara sun bincike shi, daga cikinsa aka samo maganin da aka daɗe ana amfani da shi wajen ciwon hawan jinin ido.

Gidajen da aka yi odarsu daga Turai

Gidan Efik na asali da ƙasa da itace ake yin sa, a rufa da ganyen tukurwa, ɗakuna suna kewaye da tsakar gida, babban gida yana da tsakar gida da yawa, na maigida daban, na mata daban. A cikin irin wannan gida ne attajirai suka fara kafa wani sabon abu, wato benen katako da aka sassaƙa a Ingila, aka yi wa kowane falanki lamba, aka loda a jirgi, aka zo aka harhaɗa. Tun a 1785 akwai irinsa a Atakpa, na attajiri Egbo Young, wanda ya raɗa wa suna Liverpool Hall. A 1843 Eyamba na Biyar ya wuce kowa, ya sa aka ƙera masa fadar ƙarfe a Liverpool, wadda aka bari ta lalace bayan rasuwarsa a 1847.

Waɗannan benaye suna tsaye ne a kan ginshiƙai, ƙasa ta zama ma'ajiyar kaya, sama kuma zauren karɓar baƙi mai faffaɗar baranda da tagogi masu barin iska ta ratsa, cike da madubai da agogo da fitilu da kujerun Turai. Sau da yawa iyalin gidan suna kwana ne a ɗakunan ƙasa da ke kewaye, benen kuwa na ganawa da kyaftin ne da nuna cewa maigidan ya isa a ba shi bashi mai yawa. Wannan ne ya sa kuskure ne a kira su gine-ginen mulkin mallaka gaba ɗaya. 'Yan ƙasa ne suka fara kawo salon, da kuɗinsu da zaɓinsu, kusan shekara 100 kafin gwamnatin Turawa ta bi sahu. Daga cikin waɗanda suka kai zamaninmu akwai gidan Egbo Egbo Bassey da ke titin Boco, na 1886, wanda ke cikin jerin kayan tarihi na ƙasa.

Na gwamnati mafi shahara shi ne tsohon Gidan Razdan, wanda aka kawo falankansa a sassaƙe daga Birtaniya a 1884, aka kafa a kan tudun da ke kallon kogi. Da katakon ƙasashen arewacin Turai aka yi shi, kuma tun 1986 ya zama gidan adana kayan tarihi, inda aka tara takardu da hotuna da kayan cinikin manja. Makarantar Hope Waddell da aka buɗe a 1895 ita ma tsohon gininta daga Glasgow aka kawo shi, na katako da kwano. A nan aka koyar da kafinta da ɗinki da aikin ɗab'i tare da karatun boko, a nan kuma Akanu Ibiam, wanda daga baya ya zama gwamnan Jihar Gabas, ya yi karatu, haka ma Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru, ya zauna na ɗan lokaci. Idan aka haɗa da cocin Duke Town da tsofaffin shagunan kamfanoni na bakin Marina da maƙabartar mishan, za a ga garin da za a iya karanta tarihinsa da ƙafa cikin yini ɗaya.

Me ya mayar da garin baya?

Ɗauke hedikwata a 1906 shi ne bugu na farko, amma layin dogo ne ya yi babbar illa. Da aka gano kwal a Udi a 1909, Turawa suka zaɓi kafa sabuwar tasha a Fatakwal, jirgin ƙasa ya haɗa ta da Inugu a 1916, daga baya ya wuce Arewa. Kaya suka bi dogo, Kalaba kuwa har yau ba ta da shi. Ga koguna da dazuzzuka sun raba ta da sauran ƙasar, ta yadda shekaru da yawa sai da jirgin fito ake isa gare ta daga yamma. Ta zama babban birnin jihar Kudu maso Gabas a 1967, sojojin tarayya suka karɓe ta daga hannun Biyafara a watan Oktoba na shekarar, aka sauya wa jihar suna zuwa Kuros Riba a 1976, aka cire Akwa Ibom daga cikinta a 1987.

Tsohuwar yarjejeniyar 1884 ta sake fitowa a Kotun Duniya lokacin shari'ar Bakasi. Najeriya ta kafa hujja da cewa tsibirin na sarakunan Tsohuwar Kalaba ne, Birtaniya kuma kariya kawai aka ba ta, ba ta da ikon kyautar da shi. Kotun ta dogara da yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 1913, ta ba Kamaru gaskiya a ranar 10 ga Oktoba, 2002, aka kammala miƙawa a Kalaba a watan Agusta na 2008. Bayan haka Kotun Ƙoli ta yanke a 2012 cewa rijiyoyin mai 76 da ake jayayya a kansu na Akwa Ibom ne, Kuros Riba ta fita daga jihohin da ke karɓar kason arzikin mai. Jihar da kuɗin shigarta ya ragu haka, gyaran tsohon katako ba ya kan gaba a kasafinta.

Muhawara kan adana gine-ginen, da abin da ya shafi talaka

Kalaba tana samun ruwan sama da ya kusa milimita 3,000 a shekara. Kamar yadda ginin ƙasa a Kano ko Zariya yake bukatar yaɓe kafin kowace damina, haka benen katako yake bukatar fenti da maganin gara da sauya kwanon da ya yi tsatsa, idan aka yi sakaci na 'yan shekaru sai ginshiƙai su ruɓe. Mafi yawan gidajen na gado ne, magada sun yi yawa, wasu suna Legas, wasu suna ƙasashen waje, babu mai ikon yanke shawara shi kaɗai. Idan gida ya shiga jerin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, doka ta hana a rushe shi ko a sauya masa fasali ba da izini ba, amma kuɗin gyara ba ya biyo bayan dokar yadda ya kamata. Sai magada su wayi gari da gidan da ba su iya gyarawa, ba su iya sayarwa, a fili mai tsada a tsakiyar gari.

Masu son a adana suna cewa irin waɗannan gidaje sun yi ƙaranci a duk gaɓar Afirka ta Yamma, kuma wanda ya faɗi ba ya dawowa. Masu adawa suna da hujja biyu: cewa asibiti da makaranta sun fi cancantar kuɗin jama'a, da kuma cewa bai dace a ƙawata gidajen waɗanda suka yi arziki da sayar da mutane ba. Hujja ta biyun tana da nauyi, musamman a bakin zuriyar waɗanda aka bautar. Sai dai ni ina ganin rushewar gidan ba ta rama wa kowa komai, shaida kawai take gogewa. Abin da ya dace shi ne a gyara, a kuma rubuta a jikin bango wanda ya gina da waɗanda guminsu ya biya, kamar yadda gidan tarihin cinikin bayi da ke Marina ya fara yi. Batun kuɗi kuwa, an kashe maƙudan kuɗi wajen gina Tinapa, cibiyar kasuwanci da shaƙatawa da aka buɗe kusa da garin a 2007, wadda ba ta kawo cinikin da aka yi alkawari ba, alhali kaɗan daga cikin wannan kuɗi zai isa a rufa tsofaffin gidajen Atakpa da Obio Oko.

Ga mazaunin garin amfanin a fili yake. Biki wata ɗaya ne a shekara, amma unguwar tarihi da aka gyara tana kawo baƙi kowane lokaci, masu kwalekwalen da ke kai mutane Obio Oko da masu sayar da abinci da masu masauki su samu, kafintoci kuma su koyi aikin da ya kusa ɓacewa. Haɗarin shi ne a kori masu haya marasa ƙarfi da ke zaune a gidajen yanzu da sunan gyara, don haka duk shirin da ba a sa su a ciki ba zai haifar da wata matsalar. Tashar jiragen ruwan ma tana cikin lissafin. An buɗe sabuwarta a 1979, kuma ita ce ake sa ran za ta yi wa jihohin Binuwai da Taraba da Adamawa hidima ta hanyar Ikom da Ogoja da Katsina-Ala, hanyar da direbobin tankar mai na Arewa suka sani sarai. Amma mashigin kogin yana cikewa da yashi, an sha ba da kwangilar yashe shi, manyan jiragen kwantena har yanzu ba sa shigowa yadda ake so, shi ya sa ɗan kasuwar Jalingo ko Yola yake ci gaba da ɗauko kayansa daga Legas ko tashar Onne ta jihar Ribas yana biyan kuɗin mota na ƙarin ɗaruruwan kilomita.